Yadda Manhaja Ke Lissafa Wa Za Ta Yarda Da Shi

A ce manhajar wani kamfanin tura kuɗi tana da hanyoyi uku da za ta iya bi ta kai kuɗin abokin ciniki banki, kowace hanya ta kamfani daban mai nasa kwamfutocin. Babu ma'aikacin da ke zaune zai ce mata bi nan ko bi can. Cikin ƙasa da daƙiƙa guda za ta zaɓa, kuma idan ta bi hanyar da ta lalace, an cire wa mutum kuɗi ke nan ba su isa ba. Irin wannan manhaja mai yanke hukunci da kanta a madadin mai ita, ita masana kwamfuta ke kira wakili. Akwai irinta a wuraren musayar fayil tsakanin kwamfutoci, da kasuwannin intanet, da shafukan sada zumunta masu tace wa mutum shawarar wa zai gani. Kullum tambayarta ɗaya ce: wa zan miƙa wa wannan aiki?

Ma'anar yarda da aka fi aiki da ita a fannin ta masanin zamantakewa Diego Gambetta ce, wanda a 1988 ya bayyana ta da cewa gwargwadon yiwuwar da mutum ke ƙaddarawa a ransa ce cewa wani zai aikata wani abu takamaimai, tun kafin ya ga an aikata. Stephen Marsh ne ya mayar da batun lissafin kwamfuta a kundin digirinsa na uku a Jami'ar Stirling a 1994. Wannan "takamaimai" ɗin ake yawan mantawa. Hanyar da ba ta taɓa ɓatar da ko sisi ba tana iya zama mai jan ƙafa, don haka yarda da ita a kan amana daban, a kan sauri daban, kuma kowanne da nasa littafin ƙidaya.

Ƙidaya da abin da take ɓoyewa

Wakili yana riƙe da lambobi biyu a kan kowane abokin hulɗa: n, sau nawa aiki ya yi kyau, da g, sau nawa ya gaza. Mai gaggawa zai raba n da jimilla ya wuce. Sai dai a duba: an gwada hanyar A sau 2, duk ta yi, ta tashi da kashi 100. An gwada B sau 100, ta yi sau 90, ta tashi da kashi 90. Ko ɗan tireda ya san B ce abar dogaro, amma wannan rabon ya ɗora A a sama.

Gyaran tsoho ne, tun zamanin masanin lissafi Laplace: a ƙara 1 a kan n, a ƙara 2 a kan jimilla, wato (n+1)/(n+g+2). Da wannan A ta sauko 0.75, B ta tsaya a 0.89, baƙon da ba a taɓa gwadawa ba kuma ya samu 0.5. Ƙarin nan yana da tushe a ƙa'idar Bayes, wato lissafin yadda ake gyara zato duk lokacin da sabuwar shaida ta zo. Ana farawa da cewa ba a san komai ba, kowane matsayi daga 0 zuwa 1 zai iya zama ainihin halin wakilin. Kowace nasara tana tura zanen yiwuwar zuwa dama, kowace gazawa zuwa hagu, kuma yawan gwaji yana matse shi ya zama tsini. Wannan zane shi ake kira tsarin Beta, lambar da ke sama kuwa matsakaicinsa ce kawai. A kansa Audun Jøsang da Roslan Ismail suka gina tsarin auna kyan suna da suka fitar a 2002, wanda da yawa daga na bayansa suka ɗora a kai ko suka yi jayayya da shi.

Matsakaicin shi kaɗai yana ruɗi. Wanda ya yi 2 cikin 2 da wanda ya yi 8 cikin 10 duk 0.75 suke, amma faɗin zanensu ba ɗaya ba: kaucewar na farko daga matsakaici ta kai kusan 0.19, ta na biyu 0.12, ta B kuwa 0.03. Idan aka tambayi lissafin mene ne yiwuwar ainihin ingancin A ya haura 0.8, amsar 0.49 ce, wato canki-canka. Shi ya sa Jøsang ya raba ra'ayi gida uku da ke haɗuwa su ba da 1: yarda n/(n+g+2), ƙin yarda g/(n+g+2), da shakku 2/(n+g+2). Shakkun da ke kan A rabi ne cur, na B bai wuce 0.02 ba. Tsarin da ya adana matsakaici kaɗai ya yar da n da g ya yar da rabin abin da ya sani, kuma wannan kuskure ya zama ruwan dare a manhajojin da ake rubutawa cikin gaggawa.

Yonghong Wang da Munindar Singh na Jami'ar Jihar North Carolina sun yi wa wannan rabon gyara a 2007. A wurin Jøsang shakku ya dogara ne da yawan gwaji kaɗai, don haka mai nasara 100 babu gazawa da mai 50 da 50 shakkunsu ɗaya. Su kuwa suka ce saɓanin da ke cikin shaidar ma ya kamata ya rage tabbas. A aikace suna da gaskiya, ko da dalilin ya ɗan bambanta: 50 da 50 ba kasafai yake nufin wakilin caca yake yi ba. Galibi halaye biyu ne aka zuba a kwano ɗaya, misali hanya mai aiki lafiya da safe tana cushewa da yamma ko a ƙarshen wata lokacin albashi. Maganin a nan shi ne a raba littafin ƙidaya bisa lokaci ko girman kuɗi, sai a ga 48 cikin 50 a gefe guda, 2 cikin 50 a ɗaya gefen.

Lambar yarda kuma ba ita ke yanke hukunci ba sai an haɗa ta da abin da za a ci da abin da za a rasa. Idan ribar nasara naira 100 ce, asarar gazawa naira 900, ba a shiga sai yiwuwar nasara ta haura 0.9, don haka ko B mai 0.89 ba ta isa ba. Idan asarar naira 100 ce kacal, haura 0.5 ya wadatar.

Mantuwa

Duk lissafin da ya gabata yana zaton hali ba ya canzawa, alhali kamfani yana sauya kwamfutoci, ana sayar da shi, ana yi masa kutse. Wakilin da ya tara nasara 1,000 sannan ya gaza sau 50 a jere har yanzu yana kan 0.95. Kafin lambar ta motsa an gama yin ɓarna.

Saboda haka ake saka mantuwa: kafin a shigar da sabon sakamako, a ninka tsofaffin n da g da wata lamba ƙasa da 1. Idan lambar 0.9 ce, nauyin kowane abu yana raguwa da rabi bayan hulɗa kusan 7, kuma jimillar abin da ake tunawa ba ta wuce 10. Wancan mai nasara 1,000 zai tsaya a 0.92, gazawa 5 a jere za ta sauko da shi 0.58, gazawa 50 kuma ƙasa da 0.1. Idan 0.99 aka zaɓa, ana tuna kusan hulɗa 100, rabin nauyi yana zubewa bayan 69.

Mantuwa tana da nata farashin. Na farko, da 0.9 shakku ba zai taɓa sauka ƙasa da 0.17 ba ko da an shekara goma ana hulɗa lafiya. Na biyu ya fi muni: macuci mai haƙuri zai karanci tsarin. Idan ya yi gaskiya sau 9 ya yi cuta sau 1, ya ci gaba da haka, lambarsa za ta riƙa kai da kawo tsakanin 0.79 da 0.87, kuma idan an sa shinge a 0.75 ba za a taɓa kama shi ba. Idan kuma gaskiyar tasa a cinikin naira 500 yake yi, cutar a na miliyan biyu, to littafin da ke ƙirga kowane ciniki a matsayin 1 shi ya buɗe masa ƙofa. Abin da ake yi a nan biyu ne: a auna kowane sakamako da girman abin da ke cikinsa, sannan a bar g ta daɗe fiye da n, misali 0.9 ga nasara, 0.99 ga gazawa. Laifi ya fi alheri daɗewa a zuciya, kuma a wannan wuri haka ya kamata.

Jiyau

Gani ya kori ji, amma a babbar hanyar sadarwa yawancin waɗanda wakili zai haɗu da su bai taɓa hulɗa da su ba. Dole ya tambaya. Nan ne wahalar gaske take, kuma nan ne wanda ya zauna a gaban malamin hadisi zai ji kamar ya san wurin, domin matsalar isnadi ce sak: labari ya zo ta bakin wane daga wane, yaya za a auna shi?

Abu na farko, yarda da mutum a kan aikinsa daban take da yarda da shi a kan shaidarsa. Makaniki nagari yana iya yabon ƙaninsa da bai iya komai ba. Don haka kowane wakili yana buƙatar littafi na biyu a kan kowane mai ba shi labari. Sai a rage wa labari nauyi gwargwadon wannan littafin. Ga yadda yake a tsarin Jøsang. A ce akwai wakilai uku, A da B da C (ba hanyoyin ɗazu ba), kuma A ya yarda da shaidar B da 0.8, ƙin yarda 0.1, shakku 0.1. B kuma ya gwada C sau 98, nasara 90, gazawa 8, wato yarda 0.9, ƙin yarda 0.08, shakku 0.02. A zai ninka biyun farko da 0.8, ya samu 0.72 da 0.064, ragowar 0.216 duk ta koma shakku. Idan aka juya wannan shakkun zuwa adadin gwaji, za a ga gwaji 98 na B ya koma daidai da gwaji 7 na A da kansa. Abin lura shi ne rashin yarda da mai shaida ba ya juya maganarsa ta zama akasinta, mayar da ita yake kamar ba a faɗa ba. Maƙaryaci ma yakan faɗi gaskiya in ta yi masa amfani.

Sarƙa tana cin nauyi da sauri. Masu ruwaya uku a jere kowanne 0.8 sun bar 0.51, biyar sun bar 0.33. Shi ya sa tsare-tsare da dama ke yanke bincike a taku kaɗan, kuma tsarin TidalTrust na Jennifer Golbeck, wanda aka yi don shafukan sada zumunta, yake fifita gajerun hanyoyi masu ƙarfi. Ƙin yarda kuma ba ya bin sarƙa yadda yarda ke bi. Idan A bai yarda da B ba, B bai yarda da C ba, wannan bai sa C ya zama amintaccen A ba. Ramanathan Guha da abokan aikinsa sun gwada hanyoyi daban-daban a 2004 da bayanan shafin Epinions, inda mutane ke nuna wanda suka yarda da sharhinsa da wanda ba su yarda ba, kuma barin ƙin yarda ya yi taku ɗaya tak ya tsaya yana cikin abin da ya fi ba da sakamako mai kyau.

Kuskuren da ya fi ɓoyuwa shi ne ƙirga shaida ɗaya sau da yawa. Haɗa shaidu abu ne mai sauƙi a tsarin Beta, tara n da n, g da g kawai, amma sharaɗinsa kowane mai shaida da idonsa ya gani. Idan A ya tambayi mutum uku, ashe dukansu daga B suka ji, zai tara 7 sau uku ya samu 21, shakkunsa ya faɗi daga 0.22 zuwa ƙasa da 0.09 ba tare da an ƙara gwaji ko ɗaya ba. Malaman hadisi sun san wannan tun da daɗewa: hanyoyi goma da duk suka koma kan mutum ɗaya ba su zama mutawatiri ba. Idan akwai zagaye a cikin hanyar sadarwar abin ya fi lalacewa, domin ra'ayin A zai iya zagawa ya dawo masa a matsayin shaidar wani, ya ƙara gaskata kansa. Rigakafin a aikace shi ne kowane labari ya zo da lambar asalin hulɗar da sa hannun wanda ya gani, a cire maimaici kafin a tara, kuma wakili ya riƙa isar da abin da ya gani daban da abin da ya ji.

Masu shaidar zur iri biyu ne: masu zuga nasu da masu ɓata na wasu. Andrew Whitby da Jøsang da Jadwiga Indulska sun kawo hanyar tacewa a 2004: a lissafa ra'ayin taro, a jefar da wanda ya yi nisa da shi ƙwarai, a sake lissafi, har a daina samun na jefarwa. Tana aiki muddin maƙaryata tsiraru ne. Ranar da suka yi rinjaye, masu gaskiya za a tace. Tsarin TRAVOS, wanda Luke Teacy da Nicholas Jennings da abokansu suka gina a Jami'ar Southampton ta Ingila, ya ƙi dogaro da rinjaye. Yana raba ma'aunin 0 zuwa 1 gida-gida, misali biyar, sai ya duba: duk lokacin da wannan mai shaida ya ba da lamba a wannan gida, da na je na yi hulɗar da kaina, me ya faru? Wannan ya fi ƙarfi, sai dai koyonsa da tsada, domin ba ka gane maƙaryaci sai ka bi maganarsa an cuce ka sau da dama.

Suna mai arha

Duk wannan lissafi a kan abu ɗaya ya tsaya: cewa suna yana manne da mai shi. A intanet kuwa buɗe sabon asusu sau da yawa kyauta ne. Idan baƙo 0.5 yake samu, duk wanda ya faɗi ƙasa da haka riba ce gare shi ya yar da tsohon suna ya dawo da sabo. Ana iya sauke matakin farawa, a mayar da lissafin (n+0.4)/(n+g+2) don baƙo ya fara da 0.2, amma baƙo na kirki shi zai sha wahalar. Eric Friedman da Paul Resnick sun nuna a 2001 cewa inda suna ke da arha babu makawa sai baƙi sun biya wannan kuɗin shiga, sai fa idan an samar da shaidar da ba a ba mutum sau biyu.

Ɗan'uwan wannan shi ne abin da John Douceur na Microsoft ya kira harin Sybil a 2002: mutum ɗaya ya buɗe asusu dubu suna yabon juna. Tsarin EigenTrust da Sepandar Kamvar da Mario Schlosser da Hector Garcia-Molina suka fitar daga Stanford a 2003 ya tunkari wannan da dabara irin ta PageRank, lissafin da Google ya yi amfani da shi wajen jera shafukan intanet bisa yadda wasu shafuka ke nuni gare su. Kowane wakili yana da yarda guda ɗaya cif da zai raba wa waɗanda ya yi hulɗa da su, ana maimaita rabon, kowa yana raba abin da ya samu, har lambobin su daina motsi. A kowane zagaye kuma ana mayar da wani ɗan kaso ga wasu 'yan tsirarun amintattu da aka zaɓa tun farko. Asusun ƙarya dubu za su yi ta miƙa wa juna, amma abin da ya shigo musu daga waje kaɗai suke juyawa. Rauninsa biyu a fili suke. Rabon da dole ya haɗu ya ba da 1 yana goge bambanci tsakanin wanda aka gwada sau 3 da wanda aka gwada sau 3,000, kuma baƙo da mugu duk sifili suke samu. Sannan idan aka saye ɗaya daga amintattun farko, ko macuci ya ajiye asusu ɗaya yana aikin kirki don ya riƙa zuba wa sauran yarda, katangar ta tsage.

Akwai kuma shiru. Binciken Resnick da Richard Zeckhauser a kan kasuwar intanet ta eBay ya gano kusan rabin cinikayya ne kawai mai saye ya bar sharhi, kuma cikin waɗanda aka bari kusan kashi 99 yabo ne. Tsoron ramuwa yana cikin dalilan, kuma a 2008 eBay ta hana masu sayarwa ba masu saye mummunar shaida. Tsarin Beta ba shi da gurbin wanda ya ji haushi ya tafi bai ce uffan ba. Wakilan manhaja sun ɗan fi mutane sa'a a nan tunda suna iya rubuta kowane sakamako, amma sai an tsara tun farko yadda za a ƙirga aikin da aka tura ba a ji amsa ba. Idan ba a shigar da shi cikin g ba, hanyar da ke mutuwa shiru za ta fi mai faɗin ta gaza kyan lamba.

Laifin wa?

A hanyoyin hidima aiki ɗaya yakan ratsa hannu da yawa: mai tantance kati, mai isar da saƙo, bankin da ke karɓa. Idan amincinsu 0.99 da 0.95 da 0.9 ne, kuma gazawarsu ba ta da alaƙa da juna, amincin dukan sarƙar 0.85 ne, ƙasa da na mafi rauninsu. Wakili kuwa ƙarshen kawai yake gani, ya yi ko bai yi ba. In ya rubuta wa duka ukun gazawa, nagarin da aka yawaita haɗawa da rago zai sha laifin da ba nasa ba. Chung-Wei Hang da Singh sun yi aiki a kan wannan, inda suka yi amfani da taswirar dogaro ta Bayes don ƙiyasta rabon kowane ɓangare daga sakamakon gaba ɗaya. Sharaɗin nasararsa shi ne a ga ɓangarorin cikin haɗi daban-daban. Idan X da Y kullum tare suke tafiya, babu lissafin da zai raba laifinsu. Ninkawar nan ma takan yi ƙarya idan hidimomin biyu a cibiyar kwamfutoci ɗaya suke zaune ko layin intanet ɗaya suke bi, domin rana ɗaya za su faɗi, kuma hanyar da aka ajiye don ko-ta-kwana ba za ta tashi ba.

Wakilin da kullum mai lamba mafi girma yake zaɓa yana rufe wa kansa ido. Hanyar da ta gaza sau biyu a makon farko ba za a sake gwada ta ba, ko da an gyara ta tuni. Dabarar William Thompson ta 1933 ta dace da tsarin Beta kamar don shi aka yi ta: a kowane aiki a zaro lamba ɗaya ta ƙuri'a daga zanen kowace hanya, a ba wadda tata ta fi girma. Mai faffaɗan zane kamar hanyar A ta farkon bayani za ta riƙa cin ƙuri'a jifa-jifa har a san matsayinta, mai matsattsen zane a ƙasa kuma da wuya ta sake samu. Gwajin kuwa da kuɗin mutane ake yinsa, don haka a taƙaita shi ga ƙananan cinikayya da ake iya mayarwa nan take, manya kuma a ba su hanyar da ko mafi ƙarancin abin da zanenta ke nunawa ya haura shingen da aka sa.